Ranar da Auta ta sallami tsohuwar kwamfuta

Autarmu tun tana ƙarama ba ta iya jira. Da ta girma ta samu aiki a wani ɗaki mai sanyi, inda manyan kwamfutoci suke haɗa hannu wajen riƙe bayanan marasa lafiya na wani asibiti. Tana sabuwar zuwa ta zare wayar wata kwamfuta da ta tsufa ba tare da ta sanar da sauran ba. Sauran kwamfutocin suka tsaya cik suna jiranta, asibiti ya kasa duba sunan kowa. Shugabanta ya ce in ta sake, ta nemi wani aikin.

Bana wata ta tsufa, aka ce ita za ta cire ta. Na kai mata abincin rana, na tarar ta harɗe hannu tana kallon allo.

"Auta, zaman me kike yi?"

"Baba, kwamfutar ce take miƙa wa 'yan'uwanta bayanan da ke cikinta. Sai ta gama zan share sunanta a cikinsu."

"Ke ce yau da haƙuri?"

"Kar ka tona min asiri a ofis mana!"

Sai da yamma ta kashe ta, sannan ta kira asibitin. Suka ce su ba su ma san an taɓa komai ba. Shugaban ya leƙo ya ce saura biyu, kuma ita zai bar wa.