Takalman Baƙo a Cikin Kabad

Wata Talata gab da Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida da rana tsaka na tarar da wani abu tsaye a bakin ɗakin baƙi wanda da safe babu shi. Kabad ne fari sol, an lulluɓe shi da fomika mai sheƙi, ba shi da mariƙi ko ɗaya, sai an danna murfin sannan ya buɗe. Yayana Isufu ne ya ƙera shi a shagon kafintan da yake koyon aiki, daga hoton da ya gani a wani littafin kayan ɗaki da aka kawo daga Lome. Yana gefensa yana goge shi da hannun riga, ƙannenmu sun zagaye shi suna rige-rigen dannawa. Ni dai na tsaya nesa da jakata a kafaɗa.

Gidanmu a zangon Sokode gidan saukar baƙi ne. Babanmu mahauci ne, kuma fataken dabbobi daga arewa a wurinsa suke sauka, shi yake nemo musu masu saye, kamar yadda kakanmu ya yi wa iyayensu. Inna ba ta leƙa ɗakin baƙi, mu 'yan mata ma ba ma ɗaga labulensa. Saboda haka bayan ɗebo ruwa a famfo da wanke turmin sakwara, babban aikina shi ne duba takalma. Inna za ta ce, "Je ki gano mini ƙofa," in ruga in dawo da labari. Takalmin taya mai laka na makiyayi ne, a ƙara tuwo. Silifa ƙanana na nufin an zo da yaro. Sau-ciki mai tanƙwararren baya na dattijo ne, a fara kai ruwa da buta kafin komai. Har wasa muke yi da shi ni da ƙawayena, mu kalli takalmi mu faɗi mai shi ba mu gan shi ba, wadda ta kuskure ta sha ranƙwashi.

Isufu ya ce wannan duk ƙauyanci ne. "A Lome babu mai barin takalma a warwatse kamar kasuwar gwanjo," in ji shi. Inna ta dubi kabad ɗin sama da ƙasa ta ce, "To sarkin birni, da ka bar masa ko 'yar kafa mana." Ya yi kamar bai ji ba, ya juyo kanmu ya rantse duk wadda ta taɓa masa fomika da hannun manja sai ta yini tana kuka.

Washegari Baba ya yi sammakon tafiya kasuwar dabbobi. Bayan azahar Inna ta aike ni, na je na ga ƙofa fes, ko igiyar takalmi babu. Na faɗa mata, amma hankalina bai kwanta ba. Na koma na tsaya jikin bango, sai na ji kamar an yi gyaran murya a bayan labule. Na dubi kabad, na dubi hannuna da ke da maiƙon miya, na koma wurin Inna da gudu. Tana tsakiyar daka ta ce, "Ke da tsoronki! Da mutum ne ai da kin ga takalmi." Haka na yini ina kai da kawowa tsakanin madafa da ƙofar nan.

Ashe Baba Gambo ne a ciki, wani tsohon falke daga Mandouri wanda tun zamanin kakanmu bai taɓa sauka wani gida ba sai namu. Ya iso daidai lokacin da Isufu ya zo cin abinci. Isufu ya durƙusa ya gaishe shi, ya shimfiɗa masa tabarma, ya ɗauki takalmansa ya adana a kabad don girmamawa, ya koma shago a guje ya manta bai faɗa wa kowa ba. Tsoho ya zauna da ƙishin hanya. Baƙon kirki ba ya roƙon ruwa a gidan mai masaukinsa, sai ya yi ta jira. Da la'asar ta yi ya fito, babu takalmi. Wannan farin abu mara mariƙi bai yi masa kama da inda za a sa takalmi ba, kuma in ya tambaya kamar ya ce a gidan akwai ɓarawo ne. Sai ya fita haka nan.

Maƙwabciyarmu ce ta faɗo ko sallama ba ta gama ba. "Maman Isufu, lafiya Baba Gambo ya fito daga gidanku ƙafa ba takalmi?" Taɓarya ta suɓuce daga hannun Inna.

Da Baba ya dawo, Isufu ya buɗe kabad ya fito da takalman, Baba da kansa ya riƙe su a hannu, ya tasa Isufu a gaba har gidan wani mai masauki da ke bayan masallaci, inda tsohon ya koma. Isufu ne ya ba mu labari daga baya. Ya ce tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce, "Na yafe, Alhaji, yaro ne. Amma ko ragunan da na kawo, da suka sauka daga mota an ba su ruwa." Ragunan shekarar nan a can aka sayar da su. Tsohon ya ci gaba da biyowa yana gaida Baba daga tsaye, amma har ya rasu bai sake kwana gidanmu ba, kuma wasu mutanen garinsu sun bi shi. Baba bai daki kowa ba. Ya sa Isufu ya cire murafen da hannunsa.

Yau Isufu babban kafinta ne, masu sababbin gidaje layi suke yi masa. Da mijina ya gama gininmu a Dapaong, shi ya zo ya ƙawata mana kyauta, ban iya cewa a'a ba. Komai a rufe yake, komai sumul: tukwane a bayan murfi, fitilu a ɓoye cikin silin, tagogi baƙin gilashi, ga kabad ɗin takalma ya shige cikin bango har ba a gane shi. Maƙwabta suna zuwa ɗaukar hoto. Ni kuwa kullum kafin in ɗora tukunya sai na bi murafen nan ina dannawa, in ƙwanƙwasa ɗakin samari in tambayi ko da baƙo. Yarana suna dariya suna cewa, "Ga kwastan nan ta fito sintiri." Ina barin su su yi, in ƙara gwangwanin shinkafa a kan na jiya. Gara a wayi gari da ɗumame da a ce wani ya yini da ƙishi a gidana ban sani ba.