Awon Shinkafar Tugiman

Bu Warsini shinkafa take sayarwa a kasuwar garin Klaten, kuma tun tasowarta ɗanya ta san ana aunawa. Da ciwon sukari ya kama ƙafar mijinta Pak Tugiman, likita ya ƙayyade masa awon shinkafa, sai baiwar Allah ta riƙa auna ɗanya, ta dafa, ta kumbura ta cika kwano. Gyambo kuwa sai ci yake yi.

Sai ranar da aka yanke masa yatsan ƙafar ta ji ashe dafaffiya ake nufi.

Yanzu dafaffiyar take aunawa.

"Bu, ni za ki ba ko kyanwa?" in ji Tugiman.

"Ci, Pak. Don Allah kada ka nemi ƙari."

Ta kai wa maƙwabta sauran tukunyar, ta dawo tana shinshina bandejin ƙafarsa, ko gyambon ya sake wari.