Mai Labule Tana Jiran Aminina

Ina ƙofar shagon aminina, mai gyara wa mutane shafukan intanet, ƙaninsa ya kira ni yana kuka. Aminin nawa ya rasu da asuba.

Wata mata tana zaune a benci tana jiransa. Zare ya maƙale a hannun rigarta, babban yatsanta duk sawun allura. Tana rubuta "labule mai araha" a wayarta, tana jan allon tana neman shafinta. Ina jin shafin nan ne ke ciyar da gidanta.

"Ɗan'uwa, yaushe zai zo?" ta tambaye ni. "Ya sa na cire 'na alfarma' daga taken, wai ba haka masu saye ke nema ba. Har yau shafina bai hau sama a sakamakon bincike ba, ga ciniki ya tsaya."

Ta matsa mini wuri.

Jiya na roƙe shi ya huta. Ya yi dariya ya ce, "Mai labule za ta zo gobe. In na makara, ka ce mata kar ta taɓa komai, zai hau."