Ɗaga-Haɓa Zai Yi Hoton Baiko

Ƙanena mai hoton fasfo ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar benen da ke kallon ofishinmu, ɗan ɗaki ne da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. A ciki akwai kujera marar majingina, da farin ƙyalle a jikin bango, da fitilu biyu masu lema, da madubi, da mataji da ya ɗaure da zare don kada a tafi masa da shi. Tun yana saurayi yake wurin, yanzu furfura ta fara leƙo masa ta gefen kunne. Ni akawu ne a sashen karɓar takardu, saboda haka yawancin hotunan da nake liƙawa a fayil daga hannunsa suka fito, kuma zan ba shi haƙƙinsa: ban taɓa mayar da hotonsa ba. Kunne biyu a fili, ido a buɗe, baki a rufe, babu inuwa a bayan kai.

A layin nan ba mai kiran sunansa na gaskiya. Ɗaga-Haɓa ake ce masa, don ita ce gaisuwarsa. Kana zama zai ce, "Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Ban da dariya." In ka yi murmushi ba zai yi maka faɗa ba. Sauke kyamara zai yi ya tsaya yana kallonka har murmushin ya mutu don kansa.

Wannan mutumin ne ya ga mace ya ce yana so. Malamar firamare ce, tana kawo masa 'yan ajinta duk shekara a yi musu hoton jarrabawa. Mace ce mai fara'a, dariyarta har ofishinmu ake ji. Shi da bakinsa bai ce mata komai ba. Matata ya aika. Matata ta je ta dawo ta ce an amince, amma Malama tana son magana da ni, tunda ni ne babba a gidanmu.

Ta zo ran nan da yamma, ta zauna a falonmu, ta ajiye jakarta a cinya.

"Yaya, ni ba yarinya ba ce," in ji ta. "Ban ce ya yi mini waƙa ba. Amma 'yan'uwana sun dame ni, wai mai wanki da girki kawai yake nema. Ba ni da amsar da zan ba su, don ni ma ban sani ba. Mutumin nan bai taɓa ce mini ko kwalliyata ta yi kyau ba. Hoto ɗaya nake so kafin baiko, ni da shi, wanda zan duba in ga yana murna da ni. In ban gani ba, a dakata da maganar."

Na ce mata wannan ai ƙaramin abu ne. Mai hoto ne fa. Na ɗauki nauyin a kaina, kuma har yau ina mamakin saurin bakina.

Rigima ta fara tun daga tufafi. Malama ta zaɓi yadi ruwan sararin sama, ta ce a ɗinka musu iri ɗaya. Ya ɗaga yadin ya duba a haske ya ce launin ya yi fari da yawa, zai ɓace a jikin bango, gara baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Ta ce wane bango, a lambu za a yi. Ya ce lambu kuma? Ta ce lambun furanni na bayan gari, mai ƙaramin tafki. Ya zaro ido kamar wanda aka gaya wa rasuwa. Da ya farfaɗo sai ya ce to ta cire tabarau ranar, gilashi yana mayar da haske. Ta ce da tabarau ya gan ta ya aiko, da tabarau za a ɗauke ta.

Mai ɗaukar hoton ita ta nemo shi. Wani ne da ake kira Ɗan Gayu, mai wandon da ya tsaya a ƙwauri da hular da ba ta rufe komai. Na raka su shagonsa don a tsayar da rana. Ya kawo mana littafin aikinsa muna buɗawa. Malama tana ta "Kai, wannan ya yi kyau," ƙanena kuwa ya matso da hoton kusa da ido yana dubawa kamar an ba shi jabun kuɗi.

"Wannan rabin fuskarsa babu," in ji shi.

"Salon ke nan, babban yaya," in ji Ɗan Gayu.

"Waɗannan kuma sun ba ka baya."

"Tafiya suke yi, suna fuskantar rayuwa."

"Wane ofishi ne zai karɓi ƙeyar mutum?"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya juyo ya ce, "Yaya, ka taka ni." Haka yake.

Da muka fito na tsara yadda za a yi. Kullum in an tashi daga aiki zai biyo ta gidanmu a koya masa murmushi. Da farko na tsayar da shi gaban madubin ɗakinmu na ce ya gwada. Abin da ya fito a fuskarsa, na taɓa ganin irinsa a wurin mai cire haƙori. Leɓen sama ya ɗage, na ƙasa ya ƙi, ido kuma yana neman taimako. Matata ta leƙo ta gani, ta koma kicin da gudu, muna jin ta tana dariya har da tari.

"Ango, don Allah rufe," ta ce daga can. "Za ka ƙona mini miya."

Abin haushin, ba wai bai iya dariya ba ne. Matata tana tsokanarsa, ta ce tsohon tuzuru ya ga wuta ta kusa ɗaukewa ya ruga kasuwa, sai ya ƙyalƙyale har yana dukan gwiwa. Ina ganin haka sai in zaro waya a hankali. Kafin in kai ta saitin fuskarsa ya miƙe wuya, ya sauke kafaɗa, fuskar ta rufe kamar shago ran hutu. Na ɓoye wayar a bayan jarida, ya gane. Na ba matata ta ɗauka ta taga, ya ji a jikinsa. Na duba abin da muka tara a wayar, babu guda da ba zan iya liƙawa a fayil ba.

Ana saura kwana kaɗan na ce Malama ta zo a yi gwaji tare. Na zaunar da su a doguwar kujera, tsakaninsu da tazarar mutunci. Na ce, "To, manta da ni. Ita za ka kalla. Kalle ta kawai."

Ya juya ya kalle ta. Ya daɗe yana kallo, har na ga Malama ta fara jin kunya, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Na ce a raina, yau dai an dace.

"Kanki ya karkata hagu," in ji shi.

Ta miƙe. Ta ɗauki jakarta, ta yi wa matata sallama, ta fita. Na bi ta har bakin ƙofa ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Yaya, zan zo ran Asabar don na riga na ɗinka kaya. Amma ka gaya masa abin da na ce, ban canza ba."

Na dawo na wanke shi tas. Na ce masa mace tana neman alama ɗaya ta cewa kana ƙaunarta, kai kana auna mata wuya. Na ce in wannan ta kuɓuce masa, ya je ya auri kyamararsa. Ya zauna yana murza hula a hannu. Da na gaji na yi shiru sai ya ce, "Yaya, ni fa ina son hoton ya yi kyau ne." Na ce to ya yi tunani a kan abin da na faɗa. Ya ce zai yi. Na ga alamar maganar ta shige shi, na ji sanyi.

Ran Asabar da rana ya bugo waya ya ce kada mu biya masa, zai riga mu zuwa lambun. Na gaya wa matata, na ce kin gani, ɗoki ya kama shi. Muka ɗauko Malama a mota. Ta yi kyau ƙwarai cikin shuɗin yadin nan, da tabarau ɗinta, amma fuskarta a ɗaure har muka isa.

Wurin da ta zaɓa wani lungu ne a bakin tafkin, inda furanni ja da ruwan hoda suka hau shinge suka rufe shi ruf. Saboda shingen nan ta zaɓi lambun gaba ɗaya. Muna shan kwana na hango abin da ya sa na tsaya cak. An ɗaura igiya daga wannan bishiya zuwa waccan, an rataya wani ƙaton farin ƙyalle ya sauka har ƙasa, an ja shi an danne gefensa da duwatsu, ko lanƙwasa ɗaya babu. Fure ko ɗaya ba a gani. A gabansa kujeru biyu marasa majingina, an zana wa kowacce wurin zamanta da alli. Ƙanena yana tsaye cikin sabuwar rigarsa, gumi ya jiƙa masa baya, da tef ɗin awo a wuya. Ɗan Gayu yana zaune a kan jakar kayansa ya dafe kai da hannu biyu.

"Babban yaya, na yi masa magana," ya ce da ni. "Wallahi na yi. Ya ce in jira ya gama."

Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba, ni da ko a ofis ba a jin muryata. Malama ce ta ce, "Yaya, bar shi." Ta taka a hankali har gabansa. Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, daga nan in tafi gida. Na zaga garin nan kafin in samu furannin nan. Me suka yi maka ka rufe su?"

Ya dube ta da mamaki, kamar ta tambaye shi me ya sa ake kunna fitila.

"Ai sun cika ɗaukar ido," in ji shi. "Na zo na tsaya a nan na duba. Duk wanda aka miƙa wa hoton, fure zai fara kallo, sai tafki, sai daga baya ya tuna akwai mutum. Ni kuwa ke nake so a gani. Fuska irin taki ba a haɗa ta da komai a baya."

Ya faɗe ta ne yadda yake gaya wa mutum ya cire hula. Bai san ya faɗi wani abu ba. Har ya juya zai gyara wani dutse da ya goce.

"Me ka ce?" in ji Malama.

"Na ce furannin suna ɗaukar ido."

"A'a, ta ƙarshen."

Ya maimaita, yana kallonta, yana neman inda kuskuren yake. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Matata ta matse mini hannu har na ji zafi. Na waiga in ce wa Ɗan Gayu ya ɗauka yanzu-yanzu, sai na gan shi ya ba mu baya yana waya, yana ba wani labarin wahalar da ya shiga yau. Kyamarar tana cikin jaka.

Malama ta mayar da tabarau, ta je ta zauna a kujerar hagu, daidai kan zanen alli.

"To zo ka zauna, rana tana faɗuwa," ta ce.

Haka aka yi hotunan, a gaban farin ƙyalle. Ɗan Gayu ya roƙa a ɗage ko gefe ɗaya ne don sunan shagonsa, Malama ta ce a bar shi yadda mai shi ya sa. A kowane hoto tana dariya har haƙoranta a waje, shi kuma yana zaune a miƙe kamar wanda aka kamo. Na ce ko a sake gwadawa, wataƙila a samu guda mai ɗan sauƙi. Ta ce ba sai an wahalar da bawan Allah ba.

"Yaya, ku sa rana ku zo wurin mutanenmu," ta ce. "'Yan'uwana kuma ni zan ji da su."

Muna kwance igiya matata ta kama gefen ƙyallen za ta taya ninkewa. Ta tsaya. Ta juya bakinsa ta duba ɗinkin, ta shinshina.

"Ango, ina ka samo wannan?"

"Na shago na mutum ɗaya ne, ba zai ɗauki biyu ba," in ji shi. "Na biya ta gidanku da safe kuna ciki, na gan shi a shanya."

Sabon zanin gadonmu ne, wanda ba mu taɓa kwana a kansa ba. Ya huda shi a wurare da dama don igiya ta shiga. Matata ta ce ba ruwanta da ango, ango ba ya laifi, ni da na ɗauki nauyin al'amarin ni zan sayo wani. Su biyun kuwa sun riga sun yi gaba wajen mota, yana bayyana mata dalilin da ya sa hasken yamma ya fi na tsakar rana, ita kuma tana saurara kamar labari yake ba ta.