Butar da Gwaggo Hansatu ta ajiye a bakin ƙofa

Bana shekara shida ke nan da rasuwar Gwaggo Hansatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekaru tana riƙe da ajin ƙananan yara a firamaren ƙauyenmu, ƙasar Sule Tankarkar. Ban taɓa jin rashinta kamar watan jiya ba, ranar da 'yata Ladidi ta dawo daga makaranta da jiƙaƙƙen wando, ta shige bayan rumbu ta ƙi fitowa.

Maigidana Bafulatani ne, a ruga muke zaune. Ladidi a hannun kakarta ta tashi, Fillancinta ya fi Hausarta. Da babanta ya ji yara sun yi mata dariya, sai ya ce, "Karatun ya isa haka. Ban kai ta don a kunyata ta ba." Na yi tunanin zuwa makarantar. Ni da na tsaya a aji huɗu, me zan je in faɗa wa malama mai takardar kwaleji?

Ajin Gwaggo kuwa, a cikinsa na fara zama. Ko benci babu, sai tabarmi. Akwai 'ya'yan manoma, da na ruga, da na wasu Buzaye masu raƙuma, har da 'ya'yan wani direba da ya auro matarsa daga Damagaram. Duk ta san wanda kaka ke riƙo, da wanda ke fitowa bai karya ba. Ranar kasuwa takan zauna cikin masu tallar nono tana tambayarsu yadda ake ce wa yaro zo, zauna, kada ka yi kuka. Su yi ta dariyar bakinta. Wata Inna Jebu takan ce, "Malama, ko saniya ta ji wannan Fillancin sai ta gudu." Gwaggo ta ce, "Bar ta ta gudu, ɗanki nake so ya tsaya."

Da za ta ga makarantar yau, na san za ta yi murna. An yi ginin siminti, an zana haruffa da dabbobi a bango, 'ya'ya mata sun cika aji. Amma na san halinta. Kafin ta gama yabon bangon, idonta ya riga ya faɗa kan yaran da ke layin baya, masu zaman da ba su cewa uffan.

Ita ta gane wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Ɗan ruga tun yana ƙarami ake koya masa kunya. Ba zai miƙe gaban babba ya ce fitsari yake ji ba, ko da ya iya Hausar. Gara ya matse har ya kufce masa. Sai Gwaggo ta ajiye ƙaramar buta a bakin ƙofa, ta ce duk mai bukata ya ɗauka ya fita, ba sai ya tambaya ba. Ba ta ce don 'yan ruga ta yi ba. Ɗan maigari ma haka yake yi, shi ya sa babu wanda aka nuna da yatsa.

Na kwana biyu ina juya zancen. Daga ƙarshe na sa hijabi na tafi makarantar. Malama Rabi yarinya ce, daga Gumel take zuwa kan babur, ita kaɗai a kan yaran da ko ƙirga su wahala ne. Na gaishe ta na sake gaishe ta, kafin bakina ya buɗe.

Ta ce, "Maman Ladidi, ai na ce musu mai son fita ya ɗaga hannu."

Na ce, "Malama, ko za ta mutu a wurin ba za ta ɗaga ba."

Na ba ta labarin butar Gwaggo. Sai ta ce, "Wallahi na zaci taurin kai ne. Su nawa ke nan na yi wa faɗa a banza?" A ranar ta aika aka sayo buta biyu.

Shawo kan maigida ya fi wuya. Kakar yarinyar ce ta sa baki, ta ce ta san Hansatu, ta sha fura a gidanta. Ya yarda a gwada zango ɗaya. Ranar Litinin shi da kansa ya kai ta, ya laɓe gindin dalbejiya nesa da taga har aka fito hutun tara, shanu na can suna jiransa.

Gwaggo ba ta haihu ba, ajin tabarmin ma an rushe shi. Abin da ya saura nata yana wurin irinmu da muka zauna gabanta, ko da karatun bai yi nisa ba. Har yanzu kullum sai na duba wandon Ladidi idan ta dawo, kuma zangon bai ƙare ba. Amma jiya na ji ta tana jera 'yan maruƙa a bakin garke, tana ce musu da Hausa, "Ku zauna, yara." Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo.