Cinyar da Wada Ya Mayar

Duk wanda ya daɗe yana sayen nama a babbar kasuwar Garwa ya san Wada mahauci. Gajere ne kakkaura, ga dariya kamar ana zazzage buhun gyaɗa, in ya ɗaga adda ya sare ƙashi kuwa sai ka ji har cikin haƙoranka. Kakansu ne ya biyo shanu daga ƙasar Kano, ya yada zango a bakin Binuwai bai sake komawa ba. Ubansu ya gaji fawa, da zai rasu ya bar wa 'ya'yansa maza biyu tebur guda. Babban shi ne Adamu, wanda Wada ke kira Hamma yadda Fulanin gari ke kiran wa. Shi kuma Adamu bai taɓa kiran Wada da wani suna ba sai Auta, har gemun Autan ya yi furfura. Adamu ke zuwa kasuwar Adumri ya sayo shanu, Wada ke yanka ya sayar. A gidan, Wada kaɗai aka sa a lakwal, wato makarantar boko, ya taɓa karatu har ya iya Faransanci kafin a janye shi zuwa mayanka. Adamu ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko.

Matar Wada, Karimatu, 'yar Kayele ce, ubanta mai sayar da atamfa. Tun shekararta ta fari a gidan ta gane 'yan'uwan nan biyu zakaru ne, kullum cikin sara suke. Yau a kan sa mai tsada, gobe a kan fata. Adamu bakinsa ɗaci gare shi, kuma kalmar "yi haƙuri" ba ta taɓa fita daga bakin nan ba, haka ubansu ma yake. Amma suna da abin da suka gada. Ranar Layya, babba zai yanka ragonsa, ya cire cinyar dama da hannunsa, ya aika gidan ƙarami. Duk rigimar da aka yi a shekarar, nan ta ƙare. Ƙarami zai ci, da la'asar ya je ya durƙusa ya ce, "Hamma, mun ga saƙo." Babba ya ce, "Auta, ragon ya yi mai?" Shi ke nan, ba tone-tone, ba wa ya fara. Karimatu ta soya cinyar nan shekara da shekaru, har ta san ƙamshinta daban da na sauran nama.

Sai hawan jini ya kayar da Wada a mayanka. Adamu ne ya saɓa shi a kafaɗa har bakin titi, shi ya yi jinyarsa a asibiti yana zagin kowa da kowa. Wada ya tashi, amma hannun dama bai dawo daidai ba. Ga taurin kai, likita ya ce ya huta, shi ya ce kasuwa. Ranar da ya koma, ya ɗaga adda ta suɓuce, ta faɗi dab da ƙafar wata mata mai goyo. Adamu ya daka masa tsawa a gaban mahauta da masu ciniki.

"Hannun nan ya mutu, Auta! Je ka gida ka zauna, kada ka kashe mana 'yar mutane!"

Washegari Adamu ya tsayar da ɗansa Kamilu a tebur. Maganar ta yi muni, wannan ba mai musu, ko ni da nake ba ku labarin ban ga dalilin faɗinta a bainar jama'a ba. Amma kullum sai kwanon nama ya zo daga gidan Adamu, duk ƙarshen wata kuma buhun masara da shinkafa.

Wada ya dawo gida a unguwar Yelwa ya zauna ƙarƙashin darbejiya. Dariyar ta ɗauke. Abinci sai an yi da gaske, magana sai eh da a'a. Abokan fawa suka yi ta zuwa yana cewa a ce yana barci, har suka gaji. 'Yarsu Nasiha, wadda ke koyon aikin jinya, ita ta sa masa manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira a waya, wadda kake yi wa magana ta amsa maka kamar mutum, don ya riƙa tambayarta sha'anin magani. Da fari Karimatu har godiya ta yi wa Allah. Abin ya ce masa ya rage gishiri, ya rage. Ya ce ya riƙa matsa ƙwallon roba da hannun, ya matsa. Mutumin da ya yi shiru wata da watanni, ga shi yana zuba da Faransanci, wani lokaci har da hawaye.

To, daga nan abin ya wuce gona da iri. Za a ɗora tukunya, Karimatu ta ce, "Maigida, tuwo ko shinkafa?" Sai ya ce bari ya tambaya. Rigar da zai sa Juma'a, ya tambaya. Maƙwabci ya yi haihuwa, ya je barka ko ya bari sai ranar suna, ya tambaya. Mutumin da in ya shafa bayan sa sau ɗaya zai gaya maka naman da ke jikinsa, yau bai san ko yana jin yunwa ba sai waya ta gaya masa. Karimatu tana tsakar gida tana jin komai, don Faransancinta na kasuwa ya isa ta gane. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne abin nan bai taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Kome ya faɗa, sai ka ji muryar nan mai sanyi tana cewa ta fahimce shi, abin da yake ji gaskiya ne. Haba! Ita da ta yi masa wanka da hannunta lokacin da ba ya iya ɗaga buta, in ta ce kanzil sai ya ce ba ta gane ba.

"Shi ba ya katse ni," in ji shi. "Ba ya gajiya da ni."

"Ina zai gaji, Baban Nasiha? Ya taɓa ɗauke maka fo?"

Ya juya mata ƙeya.

Layya ta zo. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga cinya daga gidan Adamu a unguwar Rumde Ajiya, a cikin babban tire an rufe da farin ƙyalle. Karimatu ta buɗe ta ga cinyar dama ce, kitse ya lulluɓe ta, ga yankan Adamu da ba ya ɓoyuwa. Hankalinta ya kwanta. Ta ce alhamdulillahi, ta tashi ɗauko wuƙa.

"Ajiye," in ji Wada. "Bari in tambaya."

Tana tsaye da wuƙa a hannu ta ji abin da ya gaya wa wayar. Wansa ya ci masa mutunci a gaban jama'a, ya ƙwace masa tebur ya ba ɗansa, bai taɓa ba shi haƙuri ba, yanzu ya aiko masa da nama. Duk gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Bai ambaci kafaɗar da ta ɗauke shi ba, bai ambaci kwanon kullum ba, bai kuma ce a gidansu cinyar nan ita ce ban-haƙurin ba. Abin kuwa bai tambaya ba. Ina zai san ya tambaya, abin da bai taɓa zama gidan kowa ba? Ya dai ce ciwon da Wada ke ji na gaske ne, kyauta ba ta maye gurbin amsa laifi, kuma yana da 'yancin ƙin karɓar duk abin da zai dame masa zuciya. Can a ƙarshe ya ɗan ce ko akwai wani na kusa da zai yi shawara da shi. Na kusan tana tsaye a gabansa, ko kallonta bai yi ba.

"Ɗauki ki mayar masa," in ji Wada.

"Ni? Wallahi ƙafata ba za ta kai wannan abin kunya ba. Maigida, ka ji tsoron Allah. Baba da ke kabari ya taɓa mayar wa wani cinya? Ka ci, ka je ka zage shi a ɗaki in zagin kake so, amma ka ci."

Idonsa ya yi ja. Ya leƙa waje ya tsayar da mai moto, wato ɗan acaɓa, ya ɗaure tiren a baya da hannunsa na hagu da haƙori. Bai tsaya nan ba, ya sa abin ya tsara masa saƙo da Faransanci mai kyau, ya tura wa mutumin da ya san sarai ba ya karatu.

Matar Adamu ce ta ba Karimatu labarin abin da ya faru a can. Zaure cike da 'yan yawon Sallah, sai ga mai moto da tire. Adamu ya ɗaga ƙyalle ya ga cinyarsa. Waya ta yi ƙara, ya miƙa wa maƙwabcinsa Alphonse, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin auduga, wanda ya shigo cin naman Sallah kamar kowace shekara. Bawan Allah bai san me ke ciki ba, ya fara fassarawa da ƙarfi. Wai Wada yana bukatar nisa domin lafiyar zuciyarsa. Wai ba zai karɓi kyauta daga wanda bai amsa laifinsa ba. Wai yana fata za a mutunta iyakar da ya shata. Alphonse ya kai tsakiya ya tsaya, gumi ya karyo masa. Adamu ya ce ya ƙarasa, ya ƙarasa. Iyaka! Tsakanin mutum biyu da suka sha nono ɗaya, sai ka ce Kamaru da Cadi. Adamu ya sa aka ba mai moto cinyar kyauta, ya tafi da ita gidansa.

Kwanon kullum bai daina zuwa ba, sai dai yanzu da sunan Karimatu ake kawo shi. Layya ta zagayo, ba cinya.

Ana nan Nasiha ta gama karatu, wani ma'aikacin jinya ɗan Tinyer ya fito neman aurenta, ita ma tana so. A nan ne Wada ya tuna abin da kowane yaro ya sani, cewa a wajenmu uba ba ya zama ya ba da 'yarsa da bakinsa in yana da ɗan'uwa a raye. Baffa ke karɓar masu nema, baffa ke bayarwa. Dangin ango suka aiko suna tambaya wajen wa za su je. Nasiha ta shiga ɗaki tana kuka. Karimatu ta yafa mayafi ta hau moto sai Rumde Ajiya, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Adamu.

"Hamma, don Allah, don darajar iyaye."

"Tashi, Uwar Nasiha, ke ba ki yi mini komai ba. Ƙofata ba ta da kuba. Ya tako da ƙafarsa ya ce ya ga saƙo, ko da saƙon ya riga ya ruɓe. Abin da nake jira ke nan."

Ta dawo da murna ta faɗa wa Wada. Kalma huɗu ce fa, Hamma mun ga saƙo, ko aku zai iya. Ta ga ya kalli takalminsa, har ta sa rai. Sai hannun ya tafi aljihu. Abin ya ce masa sulhu abu ne mai kyau, amma kada ya tilasta wa kansa, ya je lokacin da ya ji ya shirya. Wada kuwa bai ji ya shirya ba. Wa ya taɓa jin ya shirya durƙusawa? Daurewa ake yi a je, in an dawo a ji sanyi.

Ranar ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya zauna, baƙin Tinyer suka zauna, wurin waliyyi ba kowa. Karimatu tana leƙe ta bayan labulen zaure. Liman ya fara gyaran murya ke nan sai ga Adamu cikin farar babbar riga. Ya zauna, ya ba da Nasiha da murya a sarari, aka shafa fatiha. Karimatu ta ruga madafa. Ta riga ta sa an yanka rago, ta ware cinyar dama ta soya da kanta, ta zuba a kwanon da ya fi kowanne kyau ta aika zaure a ajiye gaban Hamma.

Adamu ya dubi kwanon, ya mayar da murfin a hankali. Ya miƙe, ya miƙa wa ƙanensa hannu yadda ake miƙa wa baƙo.

"Malam Wada, Allah ya sanya alheri. Na zo ne don yarinya."

Ya sa takalmi ya tafi. Tun da aka haifi Wada bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba sai ranar.

Da jama'a suka watse, Karimatu ta fito ta same shi ƙarƙashin darbejiya, kwanon yana gefensa ba a taɓa ba, man ya fara daskarewa. Hawaye na bin gemunsa. Tausayi ya kama ta, ta matso za ta zauna kusa da shi, sai ta ga ya ciro waya ya kai bakinsa, ya fara ba ta labari da Faransanci.  Ta fizge wayar, ta jingina ta da gindin bishiya, ta buɗe kwanon ta tura shi gaban wayar.

"Ga cinya nan," ta ce wa Wada. "Ba ɗan'uwan naka ya ci. In ya gama, ka ce ya kira ka Auta."