Ranar da Muka Yi Gwanjon Ruwa

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba zan manta da ranar da muka yi gwanjon ruwa a ƙauyenmu da ke kusa da Goronyo ba.

A shekarar ne ƙungiyarmu ta manoman fadama ta samu injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Injin yana da ƙarfi daga hantsi zuwa azahar, amma da la'asar ta yi sai ya koma ɗigo. Kowa kuwa hantsi yake so. Ni ne sakatare, ban daɗe da gama makaranta ba, kaina cike da dabara. Na ce a yi gwanjo: wanda ya fi tayi ya ɗauki hantsi, kuɗin kuma a ajiye don gyaran farantan sola. Aka yaba min, ni ma na yaba wa kaina.

Muka taru a ƙofar gidan mai gari, ina kiran farashi ana ɗaga hannu. Kawuna yana wurin. Gonarsa ta albasa ce mafi nisa da injin, ga ta a kan jigawa, kuma na san ya sayar da tumaki biyu saboda wannan rana. Ya ɗaga hannu sau biyu. A na uku sai wani dattijo mai raunin gani ya ɗaga nasa daga kan tabarma. Surukin kawu ne, mahaifin matarsa. Nan take kawu ya sauke hannu, ya sunkuyar da kai. Na yi ta kallonsa ina jan kira, bai ɗago ba. Dattijon ya ɗauki hantsi, kawu kuwa ruwan bayan la'asar ya samu.

A hanyar gida na tare shi da faɗa. “Kawu, mi ya hana ka? Kuɗin na aljihunka!”

Ya dube ni ya ce, “Mi kaka so in yi? In ɗaga hannu bisa na baban matata, gaban mutane? Kai da kay yi boko, haka anka koya maka?”

Mako uku ruwan yana mutuwa a lambatu kafin ya isa gonarsa. Ganyen albasar ya yi rawaya, ya kwanta. Da labari ya kai wa dattijon, sai da aka riƙo masa hannu har gonar. Ya tsuguna yana shafa busasshen ganye yana cewa, “Wallahi ban san da shi nika ja ba. Ku ba shi hantsina.” Amma babu sauran abin da za a shayar.

Kawu ya tafi ci-rani kudu a ranin nan, a can ciwo ya kama shi, bai dawo da ƙafarsa ba. Bai taɓa ɗora min laifi ba, wannan ne ya fi ci min rai.

Yanzu kowa a asirce yake faɗa wa sakatare tayinsa. Na koyi cewa kafin ka tsara wa mutane hanyar biya, ka fara sanin wanda ba za su iya haɗa ido da shi ba. Ni na san lissafi, ban san kawuna ba.